Kajin da Suka Yi Ƙiba Bayan Salla

Ka ce kana so ka ninka garin ganyen da kake zuba wa kajinka don su yi saurin girma, Tasi'u. To, dakata tukuna in ba ka labarin wata mata.

Ɗa ɗaya gare ta, ya tafi Kurmi neman na kansa, shekaru suka ja ba ta sa shi a ido ba, sai dai murya a waya. Ran nan ya ce mata zai zo gida da ƙaramar salla. Tun yana yaro ba abin da yake so kamar farfesun kaza, har ƙashin yake taunewa, don haka ta ƙudurta ba zai ci kazar kasuwa ba, sai wadda ta kiwata da hannunta. Ta samo 'yan tsaki irin na turawa masu saurin nama, ta gyara musu keji a bayan madafa. Maƙwabciyarta da ta daɗe a harkar ta nuna mata yadda ake shanya zogale a inuwa, a daka shi da 'yar citta da tafarnuwa da ganyen darbejiya, a barbaɗa a abincinsu. Ta ce mata, "Yaya, ɗan kaɗan fa, kamar yadda kike sa gishiri a miya." Da fari ta bi, kaji suka buɗe ciki suna ci, gashinsu yana sheƙi. Amma mai jiran ɗa ba ta ganin girman kaza. Kullum da safe sai ta ɗaga ɗaya ta auna a hannu, ta ga kamar jiya ma ta fi nauyi. Kewa ta cika mata zuciya. Da azumi ya raba tsakiya sai ta ce a ranta, in ɗan barbaɗe ya yi wannan aiki, ina ga tafi guda? Ta shiga kamfata tana zubawa, har abincin ya koma kore shar, ga ɗaci ga yaji. Kaji suka riƙa sara suna yarfe baki, su koma gefe su takure. Ita kuwa ta ɗauka ciwo ne, maganin ciwo kuma ai ganye ne, sai ta ƙara.

Kafin maƙwabciyar ta leƙo ta gane ɓarnar, salla ta ƙarato. Ɗa ya iso, ta kama wadda ta fi dama-dama aka yanka, aka fige, sai ƙashi da fata. Ya ci, ya shanye romo, ya yi ta santi don ya faranta mata, ita dai ta san ba wannan ta so ba shi ba. Hutunsa gajere ne, ya koma. Sauran kajin da aka mayar kan ɗan barbaɗen nan suka murmure, suka yi ɓul-ɓul har tafiya tana yi musu wuya. Sai ta zauna bakin keji da la'asar tana kallonsu, ta kasa yankawa, ta kasa sayarwa. In ya bugo waya ta ce, "Kajinka fa sun yi ƙiba, yaushe za ka zo?" Ya ce, "Sai dai baɗi, Inna, in Allah ya kai mu." Kazar turawa kuwa ba ta jiran baɗi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.