Sauran Man Gyaɗan Inna

Wannan tumbin nawa da sai an buɗe masa ƙofa biyu, a shekarar babban fari tsinke ma ya fi shi kauri.

Wata azahar motar masu agaji ta tsaya ƙauyenmu Gidan Sori da wata anasara, mace ta farko da muka taɓa gani tana ɗaukar hoto. Aka ce a fito da yara. Inna ta ja ni ɗaki, ta kalato ɗan man gyaɗan da ya rage mana ta shafe mini fuska, ta sa mini kwalli da rigar salla.

Ta ce, "Ɗana ba ya shiga hoto kamar marar uwa."

Matar ta bi layi tana durƙusawa gaban yaran da haƙarƙarinsu ke waje. Duk wanda ta ɗauka, sai a cika wa uwarsa kwano da garin madara. Da ta iso kaina ta yi murmushi, tafinta ya ce, "Madam ta ce wannan ƙosasshe ne, tubarkalla."

Muka koma gida da kwanonmu yadda muka zo da shi. Ƙanwata da ke goye ba ta ga damina ba. Yau kowa ya san ni da raha, amma ban zama inda ake tuyar ƙuli.