Kwamfutar Taye

Kwamfuta ta huɗu ke nan Okwudili ya buɗe wa matar, ta sake girgiza kai.

Shekararsa goma sha ɗaya yana sayar da kwamfutocin cinya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya ga masu taurin kai kala-kala, amma wannan ta fi su duka. Ba ta ma san batir daga caja ba. Hoto kawai take nuna masa a wayarta: wata baƙar kwamfutar wasanni, mai jan haske a ƙarƙashin maballai. Ita take so, ba wadda ta fi ta ba, ba wadda ta gaza ta ba.

Okwudili ya san samfurin sarai. Matsakaiciya ce, irin ta ɗalibai. Tana jan manyan wasanni ba tare da hoto ya riƙa tsinkewa ba, amma fankokinta biyu ihu suke kamar injin markaɗe, batirinta ba ya kai awa biyu, kuma tun bara waccan aka daina yin ta.

"Mama, ga sabuwar ƙanwarta. Ta fi ta sauri, ba ta ɗaukar zafi, ko sisi ba zan ƙara miki ba."

"Ɗana, ko tashi sama take yi ba na so. Taye zai gane."

Ya ba ta kujera, ta zauna ta ba shi labari. Sunanta Abike, ƙanƙara da ruwan leda take sayarwa a Agege. 'Yan biyu Allah ya ba ta, Taye da Kehinde, kuma tun ranar haihuwarsu ba ta taɓa ba ɗaya abu ta hana ɗaya ba. Sai Kehinde ya samu jami'a, ƙanen mijinta da ke Ingila ya aiko masa da wannan kwamfutar, guda ɗaya tak. Taye ya yi fushi. Tun daga nan Kehinde ya daina cin abinci, zazzaɓi ya kayar da shi, an yi gwaji a asibiti biyu ba a ga komai ba. Sati uku ke nan yana ramewa a gabanta.

"Idan ban daidaita su ba, zan rasa yaron nan," in ji ta.

"Ƙato da shi, ya saki uwarsa cikin wannan rana saboda kishin kwamfuta? Shi oga Tayen me ya hana shi zuwa?"

"Ba ya fita."

Da ya tambaye ta yadda za ta iya sayenta, sai ta ce ta sayar da firjinta. Firjin da take ci da shi. Okwudili ya ji zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Shi da ya binne tasa uwar a Nnewi bai samu ya saya mata ko fanka ba, ga wani sangartacce kwance a ɗaki yana shan jinin tasa.

Kwana uku ya bar shagonsa a rufe yana bin layi-layi. Abokan sana'a suka yi ta masa tsiya, wai ko ya koma tara kayan tarihi ne. A rana ta uku ya samu irin kwamfutar a bayan kantar wani mai gyara, murfinta ya sake, ƙura ta toshe fankokin. Ya kwance ta gaba ɗaya, ya share, ya sa mata sabon batir, ya ɗaure murfin, ya goge ta har tana sheƙi. Ya kunna wasan tseren mota awa guda, ba ta yi gardama ba.

Ya kira Abike ya tambaye ta wasannin da Taye yake so.

"Duk abin da ke cikin ta Kehinde. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Ranar Asabar da rana ya hau danfo, ƙaramar bas ɗin haya, da kansa, kwamfutar a cinyarsa. Ba kyautatawa ce kawai ta kai shi ba. Maganar da zai gasa wa yaron nan ya tanada, ya maimaita ta a ransa tun daga Ikeja har Agege.

Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya. Kehinde na kwance a kan katifa, dogon saurayi, duk ƙasusuwan wuyansa a waje. Ya ɗago ya gaishe shi da ƙyar. Okwudili ya amsa, ya duba dama da hagu.

"Ina shi Tayen? Ya fito, ina da magana da shi."

Abike ta matso kusa da shi. Ta karɓi kwamfutar da hannu biyu, ta yaye labulen, ta durƙusa a gaban wani ɗan teburi. Ta buɗe murfin, jan hasken ya kama, fankokin suka fara ƙara. Ta juya gilashin ya kalli bango.

"Taye, ga taka. Iri ɗaya ce sak, duba da kyau. Na yi kuskure, na gyara. Don Allah ka bar mini ɗan'uwanka, shi kaɗai ya rage mini."

Okwudili ya matso ya leƙa ta saman kafaɗarta. A jingine da bangon, wani ɗan mutum-mutumi ne na itace, tsawonsa bai wuce taki ɗaya ba, fuskarsa ta shafe saboda wankan shekara goma sha tara, wanda aka sassaƙa mata bisa al'adar 'yan biyu a madadin Taye, jaririn da ta binne yana da kwana shida a duniya.