Rakiyar Babura Arba'in

Na lura Gwaggo ta yi ƙunshi, karon farko tun ranar da 'yan bindiga suka shigo Moriki bisa babura suka kashe 'ya'yanta. Shekara biyu yayata tana zama da ita kafin ta sake magana. Irin wannan aikin ya jawo wa yayata lambar yabon duniya kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

"Yau ni zan rangaɗa guɗa," in ji Gwaggo.

Sai samarin Kaura Namoda suka rako lambar don girmamawa, babura arba'in, gari ya ɗauki rugugi.

A ƙarƙashin rumbu muka sami Gwaggo.

"Fito, Gwaggo, namu ne," na ce.

Ta fito, ta dube mu kamar baƙi, ta wuce ba takalmi.