Kofin Safiyar Delbert

Tun da likita ya ce wa Delbert zuciyarsa ta fi ta ɗan shekara hamsin ƙwari, shi da ya haura saba'in, kunnen mutanen garin bai sake hutawa ba. A coci, a shagon aski, a kasuwar manoma ta ranar Asabar, zancen ɗaya ne: eldaberi, wani nau'in 'ya'yan itace mitsi-mitsi baƙaƙe da ya ce shi ne sirrin lafiyarsa.

"Sinadarin nan mai hana jiki lalacewa, a cikinsa yake danƙare," in ji shi. "Buluberi bai kama ƙafarsa ba. Sitiroberi kuwa, ja ne kawai da ruwa."

Duk watan Agusta sai ya tsinko shi bokiti-bokiti daga bakin rafi, ya dire wa matarsa Verna a kicin, ya fice abinsa. Duk safiya kofin ruwan 'ya'yan itace na jiransa kusa da soyayyen ƙwai, ruwan ya yi baƙi-baƙi, ga zaƙi. Ya taɓa kurɓar na maƙwabcinsa Hollis, ya yatsine fuska, wai bauri. Hannun Verna daban ne, ya ce.

To, daga nan tsohon ya zarce. A bayan gida akwai layin itatuwan buluberi, masu 'ya'ya shuɗi-shuɗi masu zaƙi, da marigayiya mahaifiyar Verna ta dasa da hannunta. Delbert ya ce asarar ƙasa ce. A tumɓuke, a dasa eldaberi.

Verna ta ce a'a, ta sake cewa a'a. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma Delbert in ya kafe, alfadari ma ya sara masa.

Ranar Litinin Hollis ya iso da tarakta. Kajin Verna, ƙosassu masu sheƙi, suka watse. Delbert ya tsaya da kofinsa a hannu yana nuna inda za a fara.

Verna ta fito tana goge hannu da tsumma.

"Hollis, kashe injin nan tukuna. Maigida, in an cire su, gobe me za ka sha?"

"Abin da na saba sha mana."

"Ai shi nake tambaya." Ta rataya tsumman a kafaɗa. "Ka taɓa zama da cokali mai yatsu kana tsince mitsi-mitsin 'ya'yan nan daga tsinkensu? Sau ɗaya na gwada, bayana ya ce bai yarda ba. Bokitanka kaji ne ke cinyewa. Abin da kake sha a kofin nan tun farko, daga itatuwan Mama yake fitowa."