Mutum Na Biyu a Kwamfutar Injiniya

Anti Mai Hoto ta danna wurin kashewa, sai kwamfutar ta tambaye ta dalili. Ta saba da wannan. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, bai sa mata manhaja irin ta mutane ba. Wadda ake kira manhajar saba ya sa mata, irin ta manyan kwamfutocin ma'aikatu masu yi wa mutane da yawa hidima lokaci guda. Ya ce ba ta gajiya, ba ta tsayawa a tsakiyar aiki. Ita kuwa takan tsokane shi cewa ya kawo mata tirela don zuwa cefane.

Yau bayan tambayar sai ga wani rubutu: akwai wani da ke amfani da wannan kwamfuta yanzu.

Ta waiga. Ba kowa a ɗakin. Yara suna makaranta, surukarta Inna tana kwance a ɗakinta kamar kullum bayan azahar. Ta buɗe jerin masu amfani, yadda ya taɓa nuna mata. Sunanta ne a sama. A ƙarƙashinsa akwai na Injiniya, an rubuta yana ciki. Injiniya kuwa ya rasu tun kafin damina.

Ba fatalwa take tsoro ba, ta yi karatu. Abin da ya tsorata ta shi ne abin da ke cikin kwamfutar. Sana'arta ɗaukar hoton mata a bukukuwan da namiji ba ya shiga: amare ba mayafi, iyaye mata suna rawa sun saki jiki. Don amana suke kiranta. Hoto ɗaya ya fita duniya, ta san akwai auren da zai girgiza, kuma ba gidan da za a sake buɗe mata ƙofa.

Ta zare wayar akwatin intanet daga bango. Sunan ya koma alamar ya fita. Tana nan tsaye, sai Inna ta ƙwala kira daga ciki, wai ko an ɗauke wuta ne, allonta na lantarki, mai kama da babbar waya, ya yi shiru. Allon nan Injiniya ne ya saya mata don sauraron karatu, ya zauna ya daidaita mata shi a zuwansa gida na ƙarshe daga asibiti. Anti ta ce a yi haƙuri, ta mayar da wayar. Kafin ta gama wanke fuska, sunan ya dawo.

Washegari haka, jibi ma haka. Da safe ba kowa, da rana sai ya shigo, ya daɗe, ya fita. Ta daina cin abincin kirki. Duk ƙarar waya sai ta ɗauka uwar wata amarya ce za ta zage ta. Ta liƙe idon kyamara da salatif. Ta fara zargin kowa: mai gyaran waya na bakin layi, maƙwabcin da ya taɓa roƙon kalmar sirrin intanet, har mutanen ofishin mijinta. Ta tuna yadda a asibiti yakan ce a ba shi wuri, ya ja labule, ya daɗe yana magana da waya ƙasa-ƙasa. Wa ya ba makullin gidanta?

Ba ta faɗa wa Inna ba. Tsohuwar ba ta daɗe da daina kuka ba, har ta fara cin abinci da fara'a. Ba za ta ɗora mata wani tashin hankali ba.

A ƙarshe ta kira abokin aikin Injiniya, wanda suke kira Dogo. Yana kan tafiya. Ya yi mata bayani cewa irin wannan manhaja an gina ta ne don a shigo ta wata na'ura, mutum biyu su yi aiki ba wanda ke ganin wani. Ya ce ta jira ya dawo ya duba daga inda ake shigowa.

"Yaya Dogo, yana ciki yanzu haka," in ji ta. "Ina kallon sunan."

Ya ce to ta goge asusun gaba ɗaya. Ya tambaya ko akwai abin da take so a ciki. Ta ce ba ta taɓa buɗewa ba, zuciyarta ba ta iya ɗauka, kuma ai kayan aiki ne kawai. Ya riƙa faɗa tana dannawa. Ta fitar da baƙon. Kwamfutar ta tambaya ko a ajiye fayilolin mai asusun. Ta tuna ɓarawo kan bar wa kansa ƙofa a baya, ta zaɓi a share komai, sharewar da ba ta dawowa.

Layin da ke nuna ci gaban sharewar ya cika. Jerin ya koma suna ɗaya. Ta jingina da kujera, ta ji numfashinta ya sauka a karon farko cikin mako.

Sai ta ji ƙarar sanda a tsakar gida. Inna ce a bakin ƙofa, rungume da allonta.

"'Yar nan, duba min abin nan. Hirarrakin da ɗana ya ɗaukar min a asibiti, waɗanda ya ce ya ɓoye min a kwamfutarki don ba ta mutuwa, ina cikin saurare ya ce, 'Inna, saura magana ɗaya,' sai allon ya yi shiru."