Kwalbar Ƙarshe ta Baba Ennio

Sai da Lorne ya tuttula rabin kwalbar giyar inabin a kasko, ta haɗu da man shanu da albasa tana tafasa, sannan ya ga ɗan rubutu a gindin kwalbar. Rubutun surukinsa ne, marigayi Ennio.

Duk shekara tsohon yakan matse inabi a garejinsa da ke Hamilton, ya yi giya, ya raba wa 'ya'yansa. Wannan ce ta ƙarshe da ta rage wa autarsa Graziella, matar Lorne. Shi kuwa gogan, da ko ƙwai bai taɓa soyawa ba, ya ga kwalba babu tambari ya ɗauka mai araha ce.

Da ta dawo daga aiki ya ajiye mata yankan naman sa, gefe guda a ƙone, ya malala masa romon.

"Yau kai ne a kicin? Me ka ɓata?" ta ce tana dariya.

"Grazi, giyar Baba na zuba. Ban duba ba. Ki yafe ni."

Dariyar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallon farantin.

"Shekara ashirin yana ba ni," ta ce, "ina ce masa ta bana ta fi ta bara. Yana tafiya in juye ta a wurin wanke-wanke. Ko sau ɗaya ban taɓa kai ta baki ba."

Ta dangwali romon da yatsa ta lasa. Idanunta suka ciko.

"Ashe da daɗi, Lorne. Ashe da daɗi."