Igiya Mai Ƙulli Ɗaya

Shago na huɗu ke nan Dorothy ta shiga tun safe, kuma ko'ina amsar ɗaya ce: tayoyin da take nema sun fi ƙarfin motar.

Motar tsohuwar jif ce ta mahaifinta, Baba Irimiya, Lexus baƙa da ya saya shekarar da ya yi ritaya. A unguwar Shango babu wanda bai san ta ba. Baba ya fi kula da ita fiye da cikinsa, ko kusa ɗaya bai yarda a cire mata ba. Gobe Asabar kuma ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai ya tuƙa ta da kansa ya je gonar doyarsa ta bayan garin Gwada. Dorothy ta yi roƙo, ta turo fasto, ta turo ƙannensa, duk a banza. Ta tabbata in motar nan ta hau hanya yadda take, gawar ubanta za a kawo mata. Da ƙyar ya ba ta aronta na yini guda, shi ma don ta ce za ta sa mata manyan tayoyi, abin da ya daɗe yana kwaɗayi.

Malam Ubaidullahi, mai shagon tayoyi a bayan Kasuwar Kure, ya zagaya motar yana jinjina kai. Ya tsaya a bambar gaba, inda ta lotsa, da fenti ruwan ɗorawa irin na Keke Napep manne a wurin. Ya tambaya. Dorothy ta ce tsautsayi ne, ta mayar da maganar kan taya.

Shi dai mai gaskiya ne a sana'arsa. Ya ce rim, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, mai inci goma sha takwas da taya mai kauri ya ishe ta kowane rami na hanyar Gwada. Aka ɗaga motar a jak, aka gwada. Da aka sauke, Dorothy ta zaro wata igiya daga jaka, mai ƙulli ɗaya a jikinta. Ta durƙusa, ta aza bakin igiyar a ƙasa, ta miƙe ta zuwa matakalar da ake takawa a hau motar. Ƙullin ya wuce matakalar da nisa.

"Bai isa ba, Malam," ta ce.

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan: in taya ta yi girma da yawa mota za ta sha mai, sitiyari ya yi nauyi, agogon gudu ya riƙa yi mata ƙarya. Ta ce ta ji, ta yarda. Aka gwada na inci ashirin. Har yanzu igiyar ta ce a'a. Sai ga ladan ya kira sallar Juma'a, Malam ya ja ƙofa ya tafi, ya bar ta zaune a kan tsohuwar taya, rana na dukan ta, tsoro na cin ta. Sau uku Baba yana kira a waya yana tambayar motarsa. Ta uku ba ta ɗauka ba.

Da aka sauko daga masallaci Malam ya tausaya mata. Ya shiga can ƙuryar shago ya gangaro da wasu tayoyi huɗu masu manyan haƙora, waɗanda wani ya sa aka kawo masa bai dawo ba. Aka ɗaura. Motar ta tashi kamar ta yi ɗage. Amma da ya murɗa sitiyari har ƙarshe, tayar gaba ta goga a bakin matakalar, ƙiii.

"Madam, kin gani. Ba za su zauna ba sai an cire matakalan nan gaba ɗaya. Motar dattijo kuma..."

"A cire," ta ce. Tun safe sai yanzu ya ga haƙoranta.

Bakaniken shagon ya kwance su. Dorothy ta sake durƙusawa da igiyarta, wannan karon zuwa bakin ƙofar direba. Ƙofar ta fi ƙullin da taƙi guda cur. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Malam Ubaidullahi ya kau da kai, a ransa yana cewa shekara talatin yana sayar da taya bai taɓa ganin wadda ta sa mutum kuka ba.

Asabar da hantsi Baba Irimiya ya fito tsakar gida da hularsa ta gona. Ya shafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana sa yatsa cikin haƙoransu, yana dariya kamar yaro. Da ta faɗa masa batun matakalan ya yi tsaki, amma daɗin tayoyin ya rinjaye shi. Ya buɗe ƙofar direba, ya kama sitiyari, ya ɗaga ƙafa. Ƙafar ta tsaya a iska, ta dawo. Ya sake. Ya sake, har gumi ya keto masa. Dorothy na tsaye a damansa, ta cije leɓe kamar zai yi jini.

Ya ɗora hannunsa a kan kujerar.

"Tayoyin sun yi kyau, Doro," ya ce a hankali. "Gwiwa ce ta ƙi. Zo ki tallafa min ta wancan gefen, ke ki tuƙa."

Ta dunƙule igiyar a tafinta. Ranar Laraba ta ƙulla ta, tana shafa masa man zafi a gwiwa, daidai iyakar inda ƙafarsa ke iya kaiwa. Baba ya juya hagu ya miƙa wa bishiyar gwanda makullin, don tun watan Mayu ba abin da idanunsa ke gani sai inuwa.